Tsarin kula da muhalli a masana'anta: ISO 14001, EMAS, ko a bi mataki-mataki?

Galibin masu masana'antu ba su waiwayar tsarin kula da muhalli sai ranar da wani babban kwastoma ya aiko da takardar tambayoyi, a ciki ana neman lambar satifiket. Daga nan hankali ke tashi, a shiga neman mai ba da shawara ido rufe. Kafin ka fitar da kuɗinka, fara tantance wanda ke neman shaidar nan a wurinka da irin wadda zai karɓa, domin wannan ne zai raba maka gardama tsakanin zaɓuɓɓukan.

ISO 14001, ma'aunin kula da muhalli na hukumar tsara ma'aunai ta duniya (ISO), shi ne wanda duniya ta fi sani. Ya fito a 1996, an sabunta shi a 2004, aka sake a 2015. Abin da yake nema shi ne ka zauna ka lissafa duk inda aikinka ke taɓa muhalli, hayaƙi ne, gurɓataccen ruwa ne, shara ce ko sinadarai, ka ware waɗanda suka fi haɗari, ka san dokokin da suka hau kanka, ka sa wa kanka buri, sannan ka riƙa aunawa kana gyarawa. Bai ƙayyade yawan hayaƙin da za ka fitar ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa: masana'antu biyu na iya riƙe satifiket iri ɗaya alhali ɗaya ta fi ɗaya ƙazanta nesa ba kusa ba. Kafin a ba ka satifiket sai masu bincike na waje sun duba ka, kuma binciken farko kashi biyu ne, a duba takardu, sannan a shiga cikin masana'anta. Satifiket na yin shekara 3, amma kowace shekara masu bincike za su dawo, saboda haka a lissafa kuɗin shekara ukun gaba ɗaya, kada a tsaya ga na farko. Wanda ya riga ya mallaki ISO 9001, ma'aunin kula da ingancin kaya da aiki, ya ci rabin hanya, don tun 2015 tsarin babobinsu ɗaya ne, ana ma iya haɗa binciken.

Ranar bincike ba a ofis ake gane gaskiya ba. Mai binciken zai zagaya bayan ɗakin injuna, ya tarar da duro uku na baƙin mai a kan ƙasa tsura, babu tiren tare yoyo a ƙarƙashinsu. Zai tambayi wanda ya kwashe na watan jiya, ya ce a nuna masa rasit da lasisin mai kwashewar. Zai kuma tsayar da lebura ya tambaye shi abin da zai yi idan sinadari ya zube. In yaron ya tsaya zare ido, kundin da aka sayo mai shafi ɗari biyu bai tsinana komai ba.

EMAS tsarin kula da muhalli ne na Tarayyar Turai, dokarsa ta fito a 1993, kuma tun gyaran 2009 aka buɗe shi ga kamfanonin da ke wajen Turai. Ya ƙunshi sharuɗɗan ISO 14001, ya ɗora nasa a kai: sai ka nuna hujjar cewa kana bin dokokin muhalli, ka sa ma'aikata cikin tafiyar, ka kuma wallafa rahoton muhalli da wani mai tantancewa na waje ya tabbatar, kowa ya karanta alƙalumanka. Ya fi tsauri. In ba kasuwar Turai kake hari ba, kuma babu wanda ya ambace shi a kwangila, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyin ba.

Ƙaramar masana'anta da babu mai matsa mata tana iya bin ISO 14005, wanda jagora ne na gina tsarin sannu a hankali. Ba ya kawo satifiket, amma yana shimfiɗa hanyar zuwa 14001. Idan kuwa abin da ke cin ribarka wuta ce da man tukunyar tururi, dubi ISO 50001 na makamashi, wanda ya fito a 2011. Shiga masana'antarka da dare bayan an kashe injuna. In ka ji iska na tsiyaya daga bututun kwamfireso, kuɗinka ne ke fita.

Sai batun wanda zai ba ka takardar. Ita hukumar ISO ba ta ba kowa satifiket, kamfanoni masu zaman kansu ke bayarwa. Tambayi kamfanin wace hukuma ce ta amince da shi, ka bincika da kanka ko amincewar ta shafi irin sana'arka. Wanda ya ce shi zai rubuta maka tsarin kuma shi zai ba ka satifiket, rabu da shi, ƙa'ida ta hana haɗa biyun.

Manhajar kwamfuta kuma a bar ta zuwa ƙarshe. Mai masana'anta guda zai iya shekara biyu da jadawalin Excel lafiya lau. Sai rassa sun yawaita, ranakun sabunta lasisi sun fara kuɓucewa, sannan kuɗin manhaja ke biyan kansa, kuma ko a lokacin a tabbatar ana iya kwashe bayanai idan an tashi sauya kamfani.