Zuwa gashi Katsina ko aikin gida? Amsa ga Maman Abba

Maman Abba, kin ce Abba ya kai wata 20 bai zauna da kansa ba, ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, likita ya ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kina tambaya ko ki daure da kai shi gashi (wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti) Katsina duk mako daga Daura, ko ki tsaya kan abin da za ki iya a gida tunda kuɗin mota ya yi nauyi. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Asibiti na da abin da gida ba shi da shi. Masu gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su gane wace gaɓa ce ta sandare, wacce ta saki. Can ne kuma za ki nemi a gwada jinsa, kuma ina roƙonki kada ki bar wannan, don shawara mai tsanani kan lalata ji, yaron da ba ya ji kuwa ba zai kama magana ba. In yana da farfaɗiya, maganinta sai likita. Sai dai tafiyar kusan kilomita 80 ce, yaro ya isa a gajiye yana kuka, a yi masa ɗan abin da za a yi, ku juyo.

Gida kuwa shi ke da lokaci. Mako awa 168 ne, ko awa guda cur aka ba ku a asibiti, sauran duk a hannunki suke. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da maimaici take koyo, kuma maimaicin yana cikin abin da kike yi kullum. Goyo yana ware masa ƙafafu. Ki kifa shi a tabarma yana farke, ki ajiye abu mai ƙara gabansa ya ɗaga kai. Lokacin ba shi koko ki zaunar da shi, kai a miƙe, kada ki ɗura masa a kwance ya ƙware. Wurin wanka ki riƙa faɗa masa sunan hannu da ƙafa, ki yi shiru ki jira ya amsa ko da ido ne. Yayyensa su ja shi cikin wasa, kada a bar shi a ɗaka. Haɗarin gida shi ne jan gaɓa da ƙarfi ba bisa sani ba, ko mai ɗori ya ce zai miƙar da ita. Wannan ba karaya ba ce.

Da ni ce ke, zan je in gaya wa mai gashin halin aljihuna ba kunya, mu tsayar da zuwa sau ɗaya a wata ko yadda ya ga ya dace. Duk zuwa ya nuna mini motsi biyu ko uku, in yi a gabansa ya gyara mini, in ɗauka a waya. Ki kuma tambaya a asibitin Daura ko suna da mai gashi. Baban Abba ya raka ki ko sau ɗaya, ya koya da hannunsa.