Sare babbar bishiya: daga gindi ko daga sama?

Idan akwai fili, kayar da bishiya daga gindi ya fi sauri da araha. Ana fara yanka baki a gefen da ake so ta faɗi, sannan a yanko ta baya, a bar tsirin itace a tsakani, kamar kashi 10 cikin 100 na kaurinta. Tsirin nan ne linzaminta. In aka yanke shi, ta faɗi inda ta ga dama. Masu kallo su ja baya ninki biyu na tsayinta.

Kusa da gida ko wayar lantarki kuwa, gara a hau da igiya, a sassare rassa, a sauko da gangar jikin bishiyar gunduwa-gunduwa. Akwai tsada da cin lokaci, amma ni shi na fi amincewa da shi, muddin cikinta bai ruɓe ba.