Daga Balansiya zuwa Garwa: labarin taba a gidajen abinci

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, ga amsar tambayarka game da harkar taba a nan Sifen.

A nan babu mai tebur da zai sayar maka da kara ɗaya kamar yadda ake yi a bakin kasuwar Garwa. Sai dai kwali cikakke mai kara 20, a shagunan da gwamnati ta ba lasisi, ko a na'urar da ke cikin mashaya, wadda ba ta fitar da komai sai mai wurin ya buɗe ta. Kwali ɗaya yana kaiwa Yuro 5, wato sama da sefa 3,000.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin cikin ɗaki, domin na shaƙe shi da kaina. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2006 ta bar wa masu ƙananan gidajen abinci da mashaya, waɗanda ba su kai murabba'in mita 100 ba, zaɓin hana shan taba a ciki ko bari, kuma yawancinsu suka bari. Na fara wanke kwanuka a irin wannan wuri a 2008. Maigidana ba ya shan taba, matarsa ma tana fama da asma, amma ya manna takardar izini a ƙofa, yana cewa idan ya hana, masu cinikinsa za su koma wurin maƙwabcinsa. Nakan tashi aiki idanuna jajur, rigata tana warin da ke sa ni jin kunyar shiga sahu a masallaci.

Ranar 2 ga Janairun 2011 gwamnati ta hana kowa baki ɗaya. Mai son sha ya fita bakin titi, ya gama, ya dawo kan kofinsa, kuma wurinmu bai rufe ba.

Shi ya sa nake ganin hukuma ce ya kamata ta yanke wannan hukunci. Mai shago hannunsa a ɗaure yake saboda tsoron rasa ciniki, yaron da ke yini yana kai abinci kuwa ba a taɓa tambayarsa ba. A gida kunya tana hana yaro kunna taba a gaban babba, amma ba ta kai ɗakunan shisha, inda na ji ɗanmu ya samu aiki. Don Allah, Yaya, ka leƙa ka ga ko ɗakin yana da taga.