Na canza batir, na canza kik, ashe waya ce: sharhina kan wani mai wayarin a Agege

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2008, mai giyar otomatik. Da ita nake fita daga Agege a Legas da an sallame asuba, in bi ta Ogba da Berger in gangara kasuwar Mile 12 kafin a gama sauke albasa. Duk mai harkar gwari ya san illar makara: in rana ta ɗaga ba ka iso ba, kayan kirki sun riga sun shiga hannun wasu, sai ka tsinci ragowa. Shi ya sa da motar ta fara ƙin tashi a daminar bana, abin ya taɓa min abinci kai tsaye.

Yadda take yi shi ne, in na murɗa makulli fitilun gaban direba duk su kama tar, rediyo na magana, hon na ƙara, amma inji ko motsi. Sai dai ka ji wani "ƙat" daga cikin bonet. In sake murɗawa sau uku, sau biyar, can sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Wata rana kuma bugu ɗaya ta kama. Wannan yau-lafiya-gobe-ciwo shi ya fi ci min rai, domin sau da yawa in na kai wa mai gyara, a gabansa sai ta tashi.

Mai batir na fara zuwa. Ya ɗora abin awonsa ya ce cajin ya yi ƙasa, batirin ya gaji. Na sayi sabo, na bar masa tsohon aka rage min kuɗi. Kwana huɗu ta yi lafiya ta koma gidan jiya. Bakanikena, wanda na daɗe da shi kuma ban taɓa kuka da aikinsa na inji ba, ya saurari ƙarar ya ce kik ne, wato na'urar da ke juya inji in an murɗa makulli. Muka tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo a Mushin muka sayo wani na hannu, ya ɗaura. Wannan karon ta yi kwana tara. Ranar ta goma na tsaya shan mai a Ketu, na kashe ta, ta ce ba ta san zancen ba. Ga layi a bayana, ga masu hon, kuma motar otomatik ba a tayar da ita da turi. Ma'aikatan gidan man ne suka taimaka muka gusar da ita gefe. Na fi awa ɗaya a wurin kafin ta yarda ta tashi, kuma ban sake kashe ta ba sai ƙofar gida.

A masallacin unguwarmu na ba wani dattijo labari, tsohon direban tirela ne da ya yi shekaru yana lodi a Apapa. Ya ce, "Alhaji, ka daina sayen kaya haka nan. Ciwon wuta mai wayarin ake kai wa, wato mai gyaran wutar mota, kuma wanda yake da mita, ba mai haɗa waya biyu ya ga tartsatsi ba." Shi ya kwatanta min wurin mutumin da nake wannan sharhi a kansa. Bayarabe ne, amma a Zariya ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ni.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Na fara lissafa masa abin da aka canza, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, bar wannan tukuna. Me kunnenka ke ji idan ka murɗa makulli? Injin yana juyawa ya ƙi kamawa ne, ko ba ya juyawa sam?" Ya ce waɗannan ciwo biyu ne daban, kuma a nan mutane suke fara ɓata. Idan inji na juyawa bai kama ba, a nemi mai da wutar filogi: famfon mai, fiyus da rile ɗinsa (makunnin da ke ba shi wuta), sansar da ke karanta juyawar karanshaf, ko na'urar tsaro da ba ta gane makulli ba. Idan kuwa ba ya juyawa, maganar ba ta wuce batir, kik, da hanyar da wuta ke bi tsakaninsu. Ya tambaya ko na taɓa gwada tayar da ita giya na kan N maimakon P, saboda akwai makunni a giya da ke hana kik aiki in bai ga ɗayan biyun ba. Sannan ya tambaya ko ina shiga ruwa da ita. Wa ke tuƙi a Legas cikin Yuni da Yuli bai shiga ruwa ba?

Allah ya taimake ni, ranar motar ta yi halinta a gabansa.

Ya fara jona kwamfutarsa a ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba ta nuna komai ba. Ni har gabana ya faɗi, domin na ɗauka kwamfuta ce ƙarshen magana. Ya ce ba haka ba ne: tana faɗin abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani ne kawai, kuma babbar wayar da ke ciyar da kik ba ta cikin abin da ƙwaƙwalwar ke sa wa ido. Ya ajiye ta ya ɗauko ƙaramar mita, kuma daga nan ne na ga aikin da na biya kuɗi dominsa.

Ya ɗora mitar a kan batir, ta nuna volt 12.4, ma'aunin ƙarfin wuta ke nan. Ya ce cikakken batir yana nuna wajen 12.6, wannan ya ɗan sauka amma ya isa ya tayar da mota. Ya sa yaronsa ya murɗa makulli ya riƙe, shi kuma yana kallo. Lambar da ƙyar ta motsa. Ya ce in lura da kyau: da batirin ne ya mutu, da ta faɗi warwas, ƙasa da 9.6, da kik ne ya cije yana zuƙar wuta, da nan ma ta faɗi. Tunda ba ta faɗi ba, batir na da wuta, amma wutar ba ta samun hanyar wucewa. Sai ya sa tsinken mita ɗaya a kan batir na negatif, ɗayan ya dafa shi a jikin ƙarfen inji, aka sake murɗawa. Mita ta haura 5. Ya ce tsakanin waɗannan wurare biyu bai kamata a ga ko rabin volt ɗaya ba, domin waya ɗaya ce ta haɗa su. Kusan rabin ƙarfin batirina a hanya yake zubewa.

Don in gani da idona, ya ɗauko wayar jan wuta irin mai baki kamar kada, ya maƙala gefe ɗaya a negatif, ɗayan a jikin inji. Yaro ya murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya. Ya cire wayar, aka kashe, aka murɗa: "ƙat". Ya mayar, ta tashi. Sau uku ya yi min haka. Wallahi na ji daɗi, kuma na ji zafin kuɗin da na riga na kashe.

Wayar at ce, wadda ke mayar da wuta daga jikin inji zuwa batir. Daga waje ba ka ganin komai, robarta lafiya lau. Da ya kwance ta daga jikin giya ya yanka robar, sai ga cikin ya zama kore, zaren tagullar sun rududduge sai 'yan ƙalilan, mazaunin noti kuma duk tsatsa. Ya ce ruwan da muke ratsawa da danshin garin nan mai gishiri su ke shiga ta bakin wayar su yi ta ci a hankali. 'Yan zaren da suka rage sun isa ƙaramar wuta ta wuce, amma kik yana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda. Shi ya sa ma, in ji shi, wanda ya gwada irin wannan waya da mita mai ƙarar "ƙiii" ba tare da an murɗa makulli ba zai rantse lafiyarta ƙalau. Sai an ɗora mata kaya take nuna gazawa.

Bayaninsa ya warware min abubuwa biyu da suka daɗe suna damuna. Altaneta, mai yi wa batir caji, ita ma ta jikin inji take mayar da wuta, don haka caji ba ya isa batir yadda ya kamata. Mai batir bai yi ƙarya ba da ya ce cajin ya yi ƙasa, dalilin ne bai nema ba. Kuma duk lokacin da aka yi aiki a wurin ana motsa wayar, sai ta ɗan kama na 'yan kwanaki, mu kuma mu ce an dace. Bayan ya sa sabuwar waya mai kauri ya kankare mazaunin har ƙarfe ya yi fari, mita ta nuna 14.1 a kan batir inji na aiki. Ya ce daga 13.5 zuwa 14.5 shi ne daidai.

Ba komai ne ya yi min daɗi ba. Ya ce in zo ƙarfe 8, bai iso ba sai wajen 10, kuma wayarsa a kashe. Na rasa kasuwar ranar gaba ɗaya. Wurin nasa ba rumfa, ba benci, ga taɓo. Mai zuwa da iyali ko dattijo ya san da wannan. Yaronsa ya bar min baƙin mai a kujera da sitiyari, sai da na yi magana aka goge. Sannan yana karɓar kuɗin dubawa daban, kafin ya taɓa mota, ko ya gyara ko bai gyara ba. Da farko na ji haushin wannan, har na ce masa a ina aka taɓa biyan kuɗin kallo. Ya ce, "Alhaji, ai awon shi ne aikin. Ɗaure waya ko yaron nan zai iya." Yanzu na yarda da shi, amma ya kamata ya riƙa faɗa wa mutum tun a waya, kada sai an zo. Duk da haka, kuɗin dubawa da na waya da na aiki a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin batirin da na saya ba.

Wani abu da ya ƙara masa daraja a idona: bai zagi bakanikena ba, ko da na ba shi ƙofa. Cewa ya yi ƙarar kik da ya mutu da ta kik da bai samu wuta ba iri ɗaya ce a kunne, mita ce kawai ke raba su. Ya tambayi tsohon kik ɗin, na ce yana but. Ya ɗauko ya jona shi kai tsaye da batir a ƙasa, ya juya da ƙarfinsa. Ya ce in adana shi, wata rana zai yi amfani.

Yau mako bakwai ke nan, an yi ruwa an sake, motar ba ta ƙara yi min "ƙat" ba. Ga wanda motarsa ke irin wannan hali a yankin Agege, ina ba da shawarar irin wannan mai wayarin ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya ware yini guda, ya kuma tsaya a kan motar ya ga lambobin da idonsa. Makon jiya na raka ƙanina da Sienna ɗinsa, tasa tana juyawa ne ba ta kamawa. Tambayar farko da ya yi masa ita ce wadda ya yi min, kuma a rile ɗin famfon mai aka samu tasa matsalar.