Ɗakin kare na katako da na sa aka yi mini a Katako

Wanda ke da kare a Jos kuma yake barin sa ya kwana a kan siminti a watan Disamba da Janairu, ina ba shi shawara ya je wajen kafintocin kasuwar Katako. Garin nan yana kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, kuma in hunturu ya kankama akwai daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10. Zafin jikin kare kuwa tsakanin digiri 38 ne da 39. Karnukanmu na gida gashinsu gajere ne, jikinsu ba kitse, daɓen siminti kuma yana zuƙe ɗumin jiki dare guda.

Karena Jatau yake gadin gidan kajina. Bana ya fara manyanta, na ga yana tashi da safe da ƙyar, ƙafafun baya a sandare. Na gwada rigar yara ta gwanjo, ya yage ta da haƙori. Shi ya sa na nufi wani kafinta dattijo a layin masu katako.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da ya yi: tsawon karen, da tsayinsa in yana tsaye. Na ce ya yi babba don ya sake. Sai ya ce, "A'a Alhaji, in ya yi faɗi ba zai riƙe ɗumi ba. Ya samu wurin miƙewa da juyawa, ya isa." Gaskiyarsa ce, domin jikin karen ne murhun ɗakin. Ya ɗaga ƙasan daga daɓe kamar taƙi guda a kan ƙafafu huɗu, ya yi ƙofar ƙarama, kuma bai sa ta a tsakiya ba, ya kai ta gefe, yadda kare zai samu lungun da iska ba ta kaiwa. A ƙarƙashin kwanon rufi ya shimfiɗa silin, saboda kwano tsirara yana tara raɓa yana ɗigo da asuba. Rufin kuma yana ɗaguwa, ana iya shara ba sai an durƙusa ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Aikin bai rasa aibu ba. Ƙusoshi biyu sun leƙo ta ciki, sai da na lanƙwashe su da guduma, kuma wannan ba ƙaramin sakaci ba ne ga dabbar da za ta riƙa juyi cikin duhu. Warin fenti ma ya hana Jatau shiga sai da ɗakin ya sha iska. Duk mai zuwa ya ce a bar cikin ba fenti, ya kuma shafa hannu a bango kafin ya biya. Kafintan ya kuma saɓa ranar da ya ɗauka, ko da yake ya kira ya ba da haƙuri.

Shimfiɗa ni na nema. Bargo yana jiƙewa ya riƙe danshi, don haka na zuba busasshiyar ciyawar acca da kauri, karen ya tona ya yi wa kansa gurbi. Sai dai a riƙa sauya ta, in ba haka ba ƙuma da kaska za su samu gida. A bakin ƙofa na rataya buhun algarara, na juya ɗakin ya ba arewa maso gabas baya, tunda daga can iskar hunturu ke busowa.

Wani maƙwabcina ya ce in sa masa kaskon garwashi. Kada kowa ya yi haka. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum ma balle kare, ga kuma ciyawa a gefe. Ƙarin abinci mai ɗumi da yamma ya fi amfani.

'Yan kwikwiyo kuwa ɗakin nan bai ishe su ba, domin a makonnin farko jikinsu bai iya riƙe zafi da kansa, gara a shigar da su kicin tare da uwarsu. Na riga na ba kafintan aikin na biyu, na ƙaramar karyar da ke gona, da sharaɗin ya buga ƙusa daga ciki zuwa waje.