Prefetch ko SSD: wanne zai sa kwamfuta ta tashi da wuri?

Ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Ringim ya ce kwamfutarsa sai ta gama jan ƙafa take tashi, janareta na shan mai, kwastoma na tsaye. Wani ya ce masa ya goge foldar Prefetch, wani ya ce ya sayi SSD, sabuwar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta.

Malam, ciwon yana cikin HDD, tsohuwar ma'ajiyar bayanan da ke cikin kwamfutar. Faifai ne ke juyawa, galibi sau 5400 a minti, da allura mai kai-komo tana tsinto bayanai. Kowane tsalle nata yakan ci milisakan 10 ko fiye, Windows kuwa gutsattsari dubbai take buƙata kafin ta buɗe ido. Kara kunnenka kusa da madannai, ƙirit-ƙirit ɗin da za ka ji allurar ce ke wahala.

Prefetch ya zo da Windows XP a 2001. Yakan rubuta abin da aka karanta a tashin baya, in an sake kunnawa ya kwaso su a jere ya zuba a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, tun ba a nema ba. Kamar yaron da aka ba takardar cefane ne, ya bi kasuwa rumfa-rumfa sau ɗaya, maimakon ya kawo gishiri a ce ya koma manja. Kyauta ne, kuma yana aiki tun tuni. Vista ta ƙara SuperFetch, wanda yanzu ake kira SysMain. Wanda ya ce ka goge foldar, wallahi bai taimake ka ba: sai Windows ta sake koyo daga farko, tashin ya ƙara nauyi kafin ya daidaita.

SSD kuwa ba allura ba faifai. Ko'ina bayanin yake, cikin kusan milisakan 0.1 ya iso, don haka jerawar ba ta da wani tasiri sosai. 

Ni dai ra'ayina, ka bar Prefetch yadda yake, ka tara kuɗin SSD. Kafin nan buɗe Task Manager, ka kashe manhajojin da ke tashi tare da Windows ba gaira ba dalili. Ranar da za ka shiga Kano, tafi da kwamfutar a duba irin SSD ɗin da take ɗauka, SATA ko M.2, kuma ka kwafe takardun mutane a filash kafin a kwance ta.