Grits na Amurka: Tuwo Ne Ko Fate?

Hajiya, kin tambaya ko grits ɗin da Amurkawa ke karyawa da shi tuwon masara ne aka sauya wa suna. A'a, ya fi kusa da fate, don da tsakin masara ake yin sa, ba da gari ba.

Tuwo sai an yi talge, a zuba gari, a tuƙa da muciya har ya yi tauri a kwashe da mara. Grits ba ya kaiwa nan. Kofi 1 na tsaki, kofi 4 na ruwa ko ruwa da madara, gishiri kaɗan, a rage wuta a riƙa juyawa kada ya kama. Niƙan dutse yakan ci minti 45 zuwa awa guda, na kwali kuwa minti 5 ya isa, sai dai ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Da cokali ake ci, ba a yin loma.

Wajen gyaran masarar ma akwai bambanci. Mu surfe muke yi a fitar da dusa. Su kuma akwai nau'in da ake dafa masarar a ruwan toka ko farar ƙasa har ɓawon ya saɓule, a shanya, a ɓarza. Dabarar 'yan asalin ƙasar ce, irin su ƙabilar Muskogi, kuma daga wurinsu abincin ya bazu a kudancin Amurka. Jihar Jojiya ma ta ayyana shi abincinta na hukuma a 2002.

Inda ya rabu da fate shi ne kayan haɗi. Fate a tukunya ɗaya yake haɗuwa da yakuwa ko alayyahu, gyaɗa, manja da attaruhu. Grits fari fat yake sauka, sai a sa man shanu ko cuku, a ci da soyayyen ƙwai. A gaɓar tekun Karolina ta Kudu da jatan lande ake haɗawa, kuma a ganina nan ne ya fi armashi. Batun sa sukari kuwa, har yau suna musu a kai.

In za ki ci a gidan abinci can, ki tambaya tukuna, don sau da yawa da naman alade ko kitsensa ake haɗa shi. A gida kuwa tsakin farar masarar da kike dambu da shi zai yi, in dai ƙanana ne.